Abarshi Mai Noman Tsaye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan kunu waya ta yi ƙara, aka ce Abarshi ya rasu. Can garinsu bayan Dakwaro, inda ya je bikin ɗan ƙanensa. Jiya ya ci tuwon biki, ya yi azahar, ya kishingiɗa a inuwa, bai tashi ba.

Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Maƙwabcina Malam Idi ke rubuta wannan, na ce mashi ya sa yadda na faɗa, kar ya gyara mani magana. Kuma ba ta'aziyya kaɗai ta kawo ni ba. Gonar da iyalin Abarshi ke ci tawa ce, aro na ba shi, babu takarda. Yau ya bar mace da 'ya'ya biyar a kanta. Ku karanta har ƙarshe, shaidu nake nema.

Shekarar da fara ta cinye hatsi, wadda yunwa ta biyo bayanta, ita ta kawo mana shi. Da damina ta faɗi, mutanen arewa suka cika Madarumfa suna neman ƙwadago. Kullum da safe suna jere bakin kasuwa, mai gona ya zo ya zaɓa.

Kowa an ɗauka, ban da wani dogo baƙi mai riƙe da hauyar garinsu. Ƙotarta ta fi shi tsawo, bakinta kamar jinjirin wata, a tsaye ake tura ta. Mutane na wucewa suna cewa, “Malam, noma ka zo ko kaɗo mangwaro?”

Wani ya ce mani kar in ɗauke shi. To ni kun san ni. Cewar da aka yi kar in ɗauke shi, ita ta sa na ɗauke shi.

Na kai shi fadama wurin dawata. Ƙasarmu ta nan laka ce, ba yashi ba. Ya tura hauya ta zame, ya sake turawa ta zame. Na miƙa mashi fartanya na ce duƙa kamar kowa. Kafin hantsi ya dafe ƙugu, ya dube ni ya ce, “Maigida, mu a garinmu Allah kaɗai ake yi wa ruku'u.”

Na ce to a nan har dawa ana yi wa, in kana son cin tuwo.

Kashegari na kai shi jigawa, gonar gerona ta hanyar Safo. Nan na ga aiki. Mutum na tafe yana waƙa, ciyawa na zubewa bayansa. Abin da mutum uku ke yi kwana biyu, shi kaɗai ya gama a kwana biyun. Masu dariya suka fara zuwa ƙofata suna neman a ara masu shi. Ya ce sai ya gama da wanda ya ɗauke shi ana dariya.

Damina uku yana zuwa yana komawa. A ta huɗu na ce wannan wahala ta isa, je ka ɗauko matarka Tsahara da yara. Na yanka mashi gefen jigawar.

Ga wanda bai sani ba, aron gona a nan yana da ƙa'ida. Ba ka dasa itace, ba ka gina rijiya, kuma duk kaka ka kawo wa mai gona dami ɗaya, don kowa ya san ƙasar ba taka ba ce. Abarshi bai taɓa tsallake kaka ba. Sai dai daminsa ba irin na mutane ba ne. Na ce, “Wannan dami ne ko rumbu?” Ya ce, “Maigida, ni dai ɗaya aka ce, ba a faɗi girma ba.”

Shekarar da ƙafata ta kumbura, ya bar tasa gonar ciyawa na ci, ya nome tawa tukuna. Bai faɗa mani ba, a masallaci na ji.

Tsoron ruwa kuwa ba a magana. Shekara ashirin bakin tabkin garinmu, bai taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Da farko kifi ma ba ya ci, wai macijin ruwa ne. Ranar da matata ta sa mashi tarwaɗa a miya bai sani ba, ya suɗe kwano ya ce wane irin rago ne wannan maras ƙashin kirki. Daga ranar masunta suka san shi.

Sati biyu ke nan da ya kawo damin bana a kan amalanke. Ya sauke, ya sha ruwa, ya ƙi tafiya. Can ya ce, “Maigida, ba don rashin yarda ba. Amma da an ɗan rubuta wani abu.”

Na hau shi da faɗa. Na ce bakina ya fi takarda. Ni da nake riƙe da iyakar kowace gona tun daga nan har Ɗan Issa a kaina, ni za a ce in rubuta?

Ya yi dariya ya ce, “Kanka lafiya lau yake, Maigida. Sai dai in ka tafi da shi za ka tafi.”

Na ce tashi ka ba ni wuri, kai za ka binne ni. Ya ɗaura wa jakinsa amalanke yana dariya, ya ce zai zo mani da cuku daga arewa. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Gaskiya ya faɗa, ni ne na yi taurin kai.

Yanzu Lawali, babban ɗana, na san kana karantawa daga Libiya. Sau biyu kana bugo waya kana cewa gonaki sun yi wuya, a karɓe ta hannun baƙo. Ɗana, kai a ina kake? Ba ban ruwa kake yi a garkar wani Balarabe ba? Ba kai ka ce mani randa ya ba ka ɗaki mai ƙofa ka yi kuka ba? Kai da ƙannenka fadama ta ishe ku, in kun dawo kun iya duƙawa.

Ku shaida, jama'a. Daga gawon da tsawa ta tsaga, zuwa suri, zuwa burtalin shanu, ya dawo kan hanyar Safo, na ba Tsahara da 'ya'yan Abarshi. Kyauta, ba aro ba. Da raina da hankalina na faɗa. Daga yau babu dami. Su dasa abin da suka ga dama.

Allah ya jiƙan Abarshi, ya yafe mashi, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Tsahara haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya tsare duk wanda ya bar garinsu yana noman gonar wani, har da nawa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mashi ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, ina idar da asuba zan ɗauki liman da Malam Idi mu tafi wurin mai gari. A rubuta, in dangwala yatsa. Mai magana ya iske ni can kafin tawada ta bushe.