Rufa'i, Ka Ce Kada A Taɓa Makulli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, Allah Ya karɓi ran Rufa'i mai gyaran wutar mota na tashar Dogon Dutsi, bayan kwana uku yana jinyar ƙuna. Ni Nuhu, direban hanyar Kore Mairuwa, a cikin motata wutar ta kama shi.

Rufa'i, kai ka raba direbobin garin nan da kukan rediyo. Mutum ya murɗa makulli, rediyo ya ɗauki tsuwa, ba a jin labarai, ba a jin wa'azi. Tsofaffin fasinja su ce aljana doguwa ce ta hau mota, samarin kasuwa su yi musu caa, a yi ta gardama har Matankari. Kai sai ka yi dariya ka ce famfon mai na cikin tanki ne ke zuba hayaniyarsa cikin waya. Ka ɗaura kwandansa, 'yar na'urar nan mai shanye tsuwar lantarki, a bakin famfon, ka murɗe wayoyin biyu kamar igiya, ka kankare tsatsa inda waya ke kama jikin mota. Shi ke nan, tsit. Ka koya wa duk wanda ya tambaya, har masu garejin da ke zaginka a bayan ido.

Doka ɗaya gare ka: a cire kan batir kafin a buɗe tanki. Ran Lahadin nan da hannunka ka cire shi, ka ɗaga kujerar baya, ka buɗe murfin famfo, warin mai ya cika mota. Ka ce mini, "Malam Nuhu, kak ka taɓa makullin ga sai na hito."

Yau kwana bakwai ina zaune a tabarmar makoki, ina jin masu gaisuwa suna cewa tsautsayi ne, wai waya ce ta haɗu da kanta. Har wani ya ce ka yi sakaci. Kai, Rufa'i, sakaci? Wallahi ƙarya ne, kuma ina jin su, har da gyaɗa kai.

Ni ne. Fasinja sun cika, suna jira a waje suna ta mita rana tana yi. Na ga ka ɗaura kwandansan, na ɗauka ka gama. Na zagaya na mayar da kan batir, na murɗa makulli don in ji ko tsuwar ta tafi. Kanka yana bisa bakin tanki wutar ta tashi. Abin da ya fi ci mini rai, kwana uku kana asibiti da hankalinka, ana tambayarka yadda aka yi, ba ka ambaci sunana ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ƙunar nan ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina yi wa mahaifiyarka Inna Habsatu ta'aziyya, da matarka Rahina, da 'ya'yanka Salman da Fadila. Allah Ya ba ku haƙuri.

Inna, jiya kin riƙe hannuna kina yi mini godiya don na kai ɗanki asibiti. Hannun nan ne ya murɗa makullin.