Katin da Malam Mene-ne Ya Bari Fari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokin aikina a sashen ilimin kwamfuta, wanda ɗalibai ke kira Malam Mene-ne, bayan jinyar mako biyu.

Malam, ɗalibai sun raɗa maka wannan suna ne saboda ba a faɗin kalma a gabanka ta wuce lafiya. Ɗalibi ya ce "ƙofa", ka ce, "Mene ne ƙofa? In an cire ta an jingine da bango, har yanzu ƙofa ce?" Shekara goma sha ɗaya ka yi kana wannan tambaya a kan wasan labari na teburi, wanda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ƙwayar ludo ta raba gardama. Burinka kwamfuta ta fahimci dokokin wasan. Don haka ka bi kowane abu da ke cikinsa, makami ne, halitta ce, rauni ne, ka rubuta masa katinsa da hannu: mene ne shi, dangin wa ne, me zai iya yi wa wani. A bayan katin ka rubuta dalili. Ba ka shigar da ko ɗaya a na'ura sai ɗalibai sun gwada shi a teburi.

Ni ce ke turo maka ɗaliban shekarar farko da lissafi ya tsorata. Sukan shiga ɗakinka kai a sunkuye, su fito suna musu a kan ko inuwa abu ce. Da yawansu a teburin nan suka koyi tunani, ba a ajina ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Wane ɗaki? Wanda ke jikin banɗaki, inda ake jibge karyayyun kujeru. Nan Shugaban Sashe ya ajiye ka. A taron malamai "mai wasan yara" yake ce maka, masu taya shi dariya kuma su yi, tun kafin ya rufe baki.

A cikin katuttukanka akwai guda da ka bari fari, sai layi ɗaya a samansa: "Abin da doka ba ta faɗa ba." Duk sa'ad da ɗan wasa ya zo da dabarar da ba ta cikin tsari, na'ura takan tsaya ta ce a tambayi mai jan labari. Kakan ce wannan katin ne ya fi ba ka wahala, domin sai da ka san iyakar sauran kafin ka san inda zai zauna.

Da aikin ya fara jawo baƙi, sai Shugaban ya tuna da hanyar ɗakinka. Ya ga na'ura na tambayar mutum, ya ce abin kunya ne. Kana asibiti a kwanciyarka ta farko, bara, ya sa aka toshe gurbin farin katin a cikin tsarin, aka umurci na'ura ta cusa kowace dabara cikin dangin da ya fi kusa. Ranar nuni, a gaban baƙi, wata ɗalibata ta ce jarumarta za ta rera wa ƙaton da ke gadin gada waƙar reno don ya yi barci. Na'ura ta duba, ba ta da katin waƙa, sai ta lissafa ta cikin makamai. Nan take ta sanar cewa waƙar ta fille wa ƙaton kai. Ɗalibar ta dubi Shugaban ta ce, "Ranka ya daɗe, muryata ba ta kai haka muni ba." Baƙi suka yi ta dariya. A rahotonsa Shugaban ya rubuta cewa kuskuren daga tsarinka ne. Ka dawo kana dogara sandarka, ka mayar da gurbin.

Wannan Shugaban ne ya miƙe a zaman makokinka, da sabuwar riga, yana kiranka gwarzo, yana share idon da ban ga ya jiƙe ba. Masu dariyar nan suna bayansa suna gyaɗa kai, yadda suka saba. Kwana uku da binne ka ya koma gidanka neman akwatin katuttuka. Ya san ba wanda zai iya taɓa tsarin ba tare da dalilan da ke bayansu ba, kuma yana da taron da zai gabatar da aikin da sunansa a sama, an cire farin katin. Ina zaune kusa da maiɗakinka lokacin da ya ce ai babu dokar da ta fayyace na wa ne, don haka gara sashe ya adana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗinsa ya sayi katin, a kan tabarmar nan ya rubuta. Kuma shi ya koya mini cewa in doka ta yi shiru, mutum ake tambaya. To ga ni, an tambaye ni. A'a."

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta ɗora mini a cinya a gabansa.

Malam, ranar Laraba mun buɗe ɗakinka. Ɗalibai sha huɗu suka zo. Farin katin na tsakiyar teburi, kuma muddin ina koyarwa ba mai rubuta komai a kansa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya riƙa iske ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka uku, da ƙannenka, da ɗalibanka. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.