Ragon Baffa da Kwazazzabon Kola

Asabar, Garwa

Ƙarfe biyar da rabi, bayan mun idar da sallar asuba, muka bar gida ni da mahaifina a motar haya ta wani Bello. Niyyarmu kwazazzabon Kola, kusa da Gidar, inda kogin Mayo Luti ya ratsa baƙin dutse ya bar hanya mai zurfi da ake takawa a ƙafa lokacin rani. Shekara arba'in Baba yana kai atamfa kasuwar Gidar, bai taɓa leƙa wurin ba, wai kallon duwatsu aikin Turawa ne. Sai da likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan, sannan Baba ya ce mini, "Nasiru, ka kai ni in ga ramin nan tun ina gani."

Na yi shiri kamar mai zuwa yaƙi. Na saya masa takalmin kambas da sanda. Sati uku muna taka bakin kogin Binuwai kowace safiya don ƙafarsa ta saba. Na samu ɗan jagora ta waya, Hamadu, wanda ya ce mu zo da hantsi kuma kada mu ja lokaci, domin hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Abu ɗaya na ƙara da kaina, don kada a ce ba ni da tarbiyya: na kira dangin da ke kan hanya na sanar da su za mu wuce.

Pitowa, ƙarfe shida

Kilomita goma sha biyar kacal muka yi, sai ga Goggo Hauwa, ƙanwar Baba, tsaye a bakin titi da mayafi tana ɗaga hannu. Baba ya juyo ya dube ni da idon da ya rage masa.

"Yaya, za ka wuce ƙofata ko ruwa ba ka sha ba?" in ji ta.

Ruwan nan ya zama kunun gyaɗa, kunun ya jira ƙosai, ƙosai ya jira maƙwabta su zo gaisuwa. Ina duba agogo, Goggo tana hararata. Ba mu tashi ba sai tara saura kwata.

A shingen jandarmomi da ke gaba aka karɓi katin shaidarmu. Jandarman ya tambayi inda za mu, da Bello ya ce Kola sai ya yi dariya ya ce da tsohon nan? Minti ashirin suka tafi a nan. Bello ya sake tsayawa a Bula Ibi ya zuba wa mota ruwa.

Gidar, sha ɗaya da rabi

Rana ta take, amma da mun wuce kai tsaye da mun samu, tunda tsakanin gari da kwazazzabon bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. Sai dai Baffa Idi, wan Baba, yana jiranmu a mashigar gari a kan babur. Muna isa gidansa muka tarar da rago a ƙasa, an riga an yanka, ana fiɗa.

Na ja shi gefe na ce, "Baffa, ka yi mana izini mu je mu dawo, awa biyu kawai. Idon Baba ne."

"Kai yaro, ƙanina zan yanka wa rago ya tafi kallon rami kafin ya ci? Me mutanen unguwa za su ce? Gobe da safe ni da kaina zan raka ku."

Na koma wurin Baba ina tafasa. Ya ce a hankali, "Yayana ne. Zauna." Na zauna. An ci gasasshe bayan azahar, an ci farfesu bayan la'asar, an yi ta zuwa gaisuwa ana jam na, jam na irin ta Fulani. Hamadu ya kira ni sau uku, na uku ban ɗauka ba don kunya. Kafin magariba gabas ta yi baƙi ƙirin, kuma a Gidar ko ɗigo bai sauka ba. A kan duwatsu aka yi ruwan.

Lahadi, Kola, ƙarfe bakwai

Tun kafin mu sauka daga mota muka ji ƙugin. Hamadu yana zaune a kan dutse, ya miƙe ya gaida Baba, sannan ya ce mini, "Malam, jiya war haka yashi ne a ƙasa, busasshe. Yanzu ba mai shiga sai wani rani."

Jan ruwa ya cika hanyar, yana tafe da itace da kumfa. Baba ya taka da sabon kambas ɗinsa har bakin dutsen, ina riƙe da rigarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ina bangon da aka ce ya fi soro tsawo?"

"Yana ƙarƙashin ruwa, Baba."

"To. Ruwa kam na sha gani."

Baffa Idi, da ya cika alkawari ya rako mu, ya ce ai ba komai, baɗi ma a dawo, zai sake yanka wani. Na juya baya don kada bakina ya jawo mini abin da zan yi nadama. Haushinsa nake ji, da na Goggo, amma na fi jin haushin wanda ya ɗauki waya ya sanar da su. Minti goma sha biyar muka yi a wurin da na yi wata biyu ina shirya zuwansa.

Komawa

Mun bar Gidar ƙarfe biyu, bayan an sake tsare mu cin abincin rana, aka cusa mana cinyar rago a but ɗin mota. Da muka iso Pitowa Bello ya tambaya ko a tsaya gidan Goggo, na ce ya taka mota. Mun shiga Garwa biyar da kwata, da sauran rana sosai. A ƙofar gidan da ya gina da kansa Baba ya tsaya, ya miƙo hannu yana lalube.

"Nasiru, kama ni. Ban ga dokin ƙofar ba."

Na kama shi muka shiga. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Bello da Hamadu da suka yi haƙuri da mu. Da na zaunar da Baba sai ya ce in kira Baffa in yi masa godiyar rago. Na kira, na yi godiyar, har da addu'ar Allah ya ƙara zumunci.