Kuka Ukun da Mai Kunne Bai Ji Ba

Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, amma duk layin ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa. In aka kawo masa aiki, ba ya gaggawar ɗaukar sukundireba. Kunna kwamfutar zai yi, ya lumshe ido, ya karkata kai. Daga ƙarar fanka da ɗan kukan da take yi in ta tashi yake gane ciwonta. Kuka ɗaya lafiya ke nan, fiye da haka akwai magana.

Taurin kai kuwa, Allah ya ba shi rabonsa har da na maƙwabta. Da babbar 'yarsa ta kawo masa wani ɗan katin gwaji, wanda ake soka wa kwamfuta ya nuna lambar inda ta cije, ko kwalin bai buɗe ba.

"Ni za a kawo wa sandar makaho?" in ji shi. Ya jefa shi durowa.

Ita dai ta lura da abin da shi ya ƙi lura da shi. Rediyonsa kullum ƙara murya yake yi, kuma sai an yi sallama sau biyu kafin ya ɗago.

Wata safiya mai buga takardu ta shagon gaba ta rungumo kwamfutarta. Da ita take ci da kanta da 'ya'ya uku, ga aikin mutane jibge a ciki. Ya kunna, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar kullum. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, shi kuwa shiru kawai ya ji.

"Sai haƙuri, 'yata. Ko kuka ba ta yi ba. Babban allon ciki ne ya mutu."

Ta murza bakin mayafinta. "To Baba, wannan kukan fa?"

"Wane kuka?"

"Ga shi nan tana yi. Uku-uku."

Ya kai kunne har yana taɓa ƙarfen, bai ji komai ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana koyon aiki, kuma ba kunyar matar ba ce kaɗai.

Ya daɗe kafin ya jawo durowar. Kwalin na can ƙasan wayoyi, ya yi ƙura. Ya soka katin, lambobi ja suka yi ta gudu, suka tsaya. Ya duba ɗan littafin da ke cikin kwalin: ram ce, ma'ajiyar wucin gadi. Iyakar abin da katin ya sani ke nan. Bai ce ta ƙone ba, bai ce datti ba ne. Wannan sai hannu. Ya zare ram ɗin, ya ga haƙoranta sun dafe, ya goge su da robar goge fensir, ya mayar, ya kunna.

Bai lumshe ido ba. Fuskar matar ya kalla.

"Sau nawa ta yi?"

"Sau ɗaya, Baba."

Sikirin ya kawo haske. Ta yi ta godiya, yana ganin bakinta na motsi, rabi yana ji rabi yana cikawa da ka.

Bayan ta fita ya juya ga kantar bayansa. Kwamfuta biyar ce jere a kai, duk na bana, duk shi ya ce wa masu su sun mutu. Ta ƙarshen ta wani malamin makaranta ce, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ranar yana tambaya ko babu wata dabara, shi kuwa ya ce masa babu.

Ita ya fara saukowa da ita. Ya share mata ƙura da hannun rigarsa, ya soka katin, sannan ya shiga laluben lambar wayar malamin.