Burgamin Baba a Kan Lodin Albasa

Ni ban taɓa son kare ba, kuma har yau ban fara ba. Amma na taɓa ɗaukar kare daga duwatsun Adar har bakin teku a kan lodin albasa, kuma cikin wahalhalun da na sha a duniya, wannan ce nake tunawa in yi dariya ni kaɗai.

Ƴan shekaru ne bayan babban farin da ya cinye shanun mutane. Kowane rani ina zuwa bida, wato ci-rani, Abijan, ina sayar da albasa a rumfar wani ɗan garinmu, damina na kamawa in komo gida noma. Je ka dawo ta cinye mini ƙafa da baya. Da mai rumfar ya tsufa ya ce zai koma gida ya bar mini wurin, sai na ce ni ma na gaji da raba kaina biyu. Zan kwashe iyalina gaba ɗaya: matata, ɗiyanmu mata biyu, da Inna, mahaifiyata, wadda ba ta da kowa sai ni tun rasuwar Baba.

Garinmu ƙauye ne a bayan Tabotaki, dutse ta gabas, dutse ta yamma. Da fari shirin bai ba ni wuya ba. Gona na ba ɗan wan Baba ya riƙa nomawa. Jaki na ba surukina. Tantabarun matata muka yanka ranar da maƙwabta suka zo sallama, tana kuka tana ci, sai da ta cinye biyu. Mussa, wato kyanwar gidan, yara suka ce ba su barin ta, uwarsu ta samo mata kwando mai murfi. Ban yi gardama ba. Abin da ke shiga kwando ba ya hana tafiya.

Saura kare.

Karen farautar Baba ne, ja, siriri, kunne ɗaya a yage, ya fara furfura a baki. Tun da aka binne Baba ya mai da ƙofar ɗakin Inna wurin kwanansa. Ban taɓa ganin ta taɓa shi da hannu ba. Wuni take tana yi masa faɗa, tashi ƙazami, matsa ƙazami, amma ƙanzon tukunya duka nasa ne, ko jikokinta ba su isa su sa hannu ba.

Na same ta tana kaɗi, na durƙusa na ce, "Inna, karen ga zan kai ma Bafillacen nan abokin Baba, na wajen rijiya."

"Kai shi," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Na ji daɗi. Na sa masa igiya na ja shi har ruga, na biya kasuwa na sayi goro. Ina shigowa gida na tarar da shi kwance a ƙofar ɗakin, guntun igiya a wuya, Inna na zuba masa ragowar fura. Na sake ɗaukar sa, wannan karon can wajen Keita, na ba wani Buzu mai awaki. Ya yi ƴan kwanaki, har na fara cewa an rabu, sai ga shi da safe yana ɗingishi, ƙafafu duk ƙaya.

Ranar Inna ta ajiye mazari.

"Ka gama yawo da shi?"

Na durƙusa gabanta, ta ci gaba.

"To ji nan. Ubanka da za shi cikawa, bai bar mini saniya ba, bai bar mini zinariya ba. Cewa ya yi, ga karen ga, kar a bar shi da yunwa. Na amsa mishi. In shina tahiya, ina tahiya. In ba shi tahiya, ku tahi, Allah shi kiyaye hanya."

"Inna, Abijan hwa. Ba kasuwar Buza ba ce."

"Ko bangon duniya ne."

Inna ba ta faɗin magana sau biyu. Ni kuwa gona na riga na bayar, rumfa na riga na amsa, kuma ba ni iya barin tsohuwa ita kaɗai tana jan guga a rijiyar garinmu mai zurfin tsiya. Wato tafiyar gidana gaba ɗaya ta rataya a wuyan kare mai yagaggen kunne.

Na tafi Madawa wajen taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda ke tuƙa kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, zuwa Abijan. Shi ya yi alkawarin ɗaukar mu a saman lodi. Na same shi ƙarƙashin motar yana ɗaure wani abu. Da na gaya masa, sai ya turo kai waje ya dube ni.

"Kare? Bisa albasar mutane? Kai dai tun kana yaro kanka bai cika ba. Mi ya hana ka ɗauko jakin ma, mu aza shi gaba kusa da ni shi riƙa gwada mini hanya?"

"Da kun isa da wuri."

"Ji ragon banza. Akwai fasinja bisa lodin nan, mutanen kirki masu salla, ba wanda ke son kare shi lashe mishi riga. Ɗaure shi za ka yi?"

"Ba shi ɗauruwa. Igiya shika ci kamar kilishi."

"To shi zamna wuri guda kamar buhu, daga nan har Abijan. In ya yi haka na ɗauke shi don darajar kawu. In ya taɓa mutum ko kayan mutum, nan zan sauke ku, kai da ƙanen naka."

Ya faɗi haka ne don ya san ba mai yiwuwa ba ne. Ni ma haka na sani. Na koma gida na kwashe duka na gaya wa Inna, ina fatan ta haƙura. Sai ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da burgamin Baba, jakar fatar akuya da yake ratayawa in za shi daji, gashinta duk ya zube don tsufa. Ta jefa shi tsakar gida. Karen ya tashi, ya je, ya kwanta a kai, ƙirjinsa bisa jakar, kai bisa ƙafafu.

Ashe haka Baba ya hore shi, shekarun da nake can bida ban gani ba. In yana son ya laɓaɓo zabin daji shi kaɗai, ko ya gangara wani gari sallar Juma'a, sai ya yar da burgamin gindin itace. Karen ya kwanta a kai, ko zomo ya gitta ta gaban hancinsa ba ya tashi, sai an ɗauke jakar. Yara suka kawo ƙashi suna kaɗa masa, ya bi ƙashin da ido kawai. Kaji suka yi kiwo kewaye da shi. Sai da Inna ta ɗauke burgamin da la'asar sannan ya miƙe ya yi miƙa.

Na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi.

Da amalanken shanu muka gangaro Madawa, karen na bin mu a ƙasa kamar yadda ya saba. Muka sauka gidan wasu dangi kusa da tasha. A nan ne abin ya lalace, kuma ba da mugun nufi ba. Matata ta ga burgamin a jingine cikin zaure inda kowa ke wucewa. A wurinmu kayan mamaci, balle na suruki, ba a barin sa inda ƙafa ke takawa, ballantana a gidan mutane. Sai ta naɗe shi cikin zanenta mafi kyau, ta sa a akwatin ƙarfe, da niyyar ta fid da shi in za mu hau mota. Da sassafe ƴan dako suka zo tana can tana wanke yara, ni da bakina na ce su ɗauki akwatin. Su kuwa ƙa'idar lodinsu ita ce ƙarfe a ƙasa, jikin kan mota, buhu a bisa. Suka danne shi da albasa har sama.

Da hantsi aka kafa tsani. Muka tura Inna, wadda ba ta taɓa hawa mota ba, ta hau tana salati. Yara suka hau da kwandon mussa. Fasinja sun riga sun shimfiɗa tabarminsu. Na naɗe karen cikin tsohon buhu na sungume shi har sama, na ajiye a kusurwar baya, na juya na ce, "Ina burgami?"

Fuskar matata ta ba ni amsa tun ba ta buɗe baki ba.

Karen ya ɗaga hanci ya shaƙa. Sai ya miƙe tsakiyar mutane, wannan ya ɗage riga, wancan ya haye kan ɗan'uwansa, har ya kai kusurwar gaba, ya fara tono. Buhun albasar Madawa cika shi ake yi har ya yi tozo, a ɗinke masa hula a kai. Hular ya fara yagewa. Albasa ta riƙa gangarowa daga saman mota tana birgima cikin tasha, awaki na bi, masu tuyar ƙosai na tarewa da ƙafa.

Taubashina ya fito daga gaban mota, ya ɗauki albasa guda ya jujjuya ta, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

"Mi munka yi da kai?"

"Jakar na ƙarƙashin lodi."

"Ƙarƙashin lodi. To a sauke lodin da anka yi tun asuba don jakar kare? Sauko da ƙanenka."

Kafin in ce wani abu Inna ta ce a kafa mata tsani. Ta sauko a hankali, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa cikin inuwar motar, ta zauna, ta ciro carbi. Na sauko da karen ya kwanta nesa kaɗan da ita yana haki.

"Ku tahi," ta ce. "Rana na yi."

Tasha duka ta tsaya kallo. Kowa a wurin ya san shofer, wato direban motar, kuma nan da nan kowa ya ji cewa tsohuwar nan matar kawunsa ce. Ya zagaya motar, ya dawo, ya cire hula ya durƙusa gabanta.

"Inna, ki ruhwa mini asiri."

"Na ce ka tsaya? Ga hanya nan. Ni Madawa ma ta yi mini, akwai inuwa."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya mai da hularsa, ya ce wa ƴan dako a sauke gaban lodin. Ya nuna ni da baki. "Wanga shi za shi ɗaukar buhun fari da na ƙarshe, da duk na tsakani in da hali."

Na ɗauki albasa ranar har na daina jin ƙamshinta. Bayana bai yafe mini ba har yau. Fasinja suka yi ta gunaguni, sai wani dattijo mai fataucin goro ya tuɓe babbar rigarsa ya kama mana, wai shi dai yana son ganin jakar da ta tsai da kamiyo. Da akwatin ya fito, matata ta buɗe, ta warware zanenta na biki a gaban jama'a, sai ga tsohuwar fata mai sanƙo. Aka bushe da dariya, har da ita, tana rufe fuska.

Bayan azahar aka gama mai da lodi. Na aza burgamin a kusurwar baya, na ɗora karen. Ya kwanta a kai, kai bisa ƙafafu, kamar ba shi ya yi ɓarna ba. Dattijon goro ya miƙa masa guntun ƙosai daga nesa don gwaji, ko kallo bai samu ba. Inna ta kakkaɓe mayafinta ta ce a kafa tsani.

Ƙonni, Dogon Dutsi, Yamai, ƙasar Mosi, duk yana kwance. In an tsaya salla Inna ta ɗauke jakar, in sauko da shi ya ci ya sha ya kewaya, a mai da jaka ya koma. Mussa, wadda ban yi wa wani shiri ba, ita ta hana mutane sakat, kuka ba tsayawa, har ta zuro hannu ta kwando ta yaƙushi dattijon goro a dunduniya. A wata iyaka wani ɗan duwan, wato kwastan, ya ga kare na tsaron jaka, ya ce lalle a buɗe. Inna ta buɗe masa. Ƙahon taba, guntun kanwa, tsohuwar wuƙa. Ya leƙa, ya sake leƙawa, ya yi magana da Faransanci yana murmushi. Na tambayi taubashina me ya ce.

"Wai karen ya hi ka hankali."

"Bai ce haka ba."

"Kai ka yi lakwal ko ni?"

Shi ma bai taɓa shiga makarantar boko ba.

Muka shiga Abijan ana yayyafi, iska mai nauyi kamar an jiƙa bargo. Gidan da na kama na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, yaruka kala-kala. Sai lokacin na tuna Inna ta yi alkawarin tahowa ne, ba ta yi na zama ba. Ta tsaya tsakar gidan da burgamin a hannu, ƙunshin kayanta a kai. Ta dubi sama, ta dubi magudanar ruwa, ta dubi matan da suka leƙo suna kallon mu. Na nuna mata ɗakinta. Ba ta shiga ba, ta daɗe tana duban ƙofar.

Sannan ta sunkuya ta ajiye burgamin a bakin ƙofa. Karen ya zo ya kwanta a kai.

"Matsa daga hanya, ƙazami," ta ce. Ta raɓa ta gefensa ta shiga, ta sauke ƙunshinta, ta kira matata ta tambaye ta ina za a girka tukunya.