Hular Baba da ƙusar zaure

"Wannan dogon me yake yi can nesa da kwando?" in ji Baba, yana leƙen wayata jiya da la'asar. Ƙwallon kwando nake kallo a zaure.

Na ce ai yanzu dogaye ma daga nesa suke jefawa.

A da, Baba ne dogon makarantarsu a nan Daura, amma tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi bai ƙara zancen ƙwallo ba.

Na tsokane shi: "Baba, da yanzu kake wasa, a benci za ka ƙare."

"Ni? Malamin wasanninmu ne ya hana, in na matsa daga gindin kwando sai bulala. Amma a Baure, daga kan amalanke nake cilla damin gero cikin rumbu!"

Ya cire hularsa, ya auna wata ƙusa a bango, ya jefa. Ta faɗi ƙasa. Na miƙo masa, ya sake. Har aka kira magariba yana jefawa ina ɗaukowa, yana ta dariya.

Wallahi na manta rabon da in ji wannan dariyar. Ku naku iyayen, me aka hana su gwadawa?