Awon da Na Ba Balkisa

Ina tasha muna loda buhunan wake a kamiyo, babbar motar kaya, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Wata ce mai suna Hasiya, ɗakinsu ɗaya da Balkisa a Maraɗi. Ta ce ta nemi Kawu ba ta same shi ba, Allah ya yi wa Balkisa rasuwa da asuba, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, dariya na yi. Na ce ta gaya wa wadda ta aiko ta wannan dabara ba ta kama ni ba, su sake shiri. Sai da na jiyo kukan mata a bayanta na zauna bisa buhu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Balkisa ɗiyar Kawu Idi ce, yayan mahaifiyata, don haka taubashiyata ce. Tun muna ƙanana ba ta kira ni Laminu ba, sai dai bawana. Na sa mata ƙadangare a jakar lakkwal, ta makarantar boko, na zuba gishiri a shayinta, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Sai ta bari na manta, ta rama a gaban jama'a. Ni allo kaɗai na yi, wannan rubutun bokon ma ita ta koya mini, tana cewa kunya ce a ce bawanta bai iya karanta takardar kaya ba.

Karatunta a Maraɗi na sha'anin kasuwanci ne da tafiyar da kaya, yadda buhu ke barin gona ya isa hannun mai saye ba tare da ya lalace ba. Ina tsokanarta cewa ta tafi birni koyon dakon da nake yi kyauta. Ba ta musu. Idan ta zo hutu takan zauna a tasha ta yini tana tambayar direbobi kwana nawa suke jira, da inda ake jibge kaya kafin mota ta zo. Takan ce, "Hatsin Baba ba a hanya yake lalacewa ba, a wurin jiran mota ne." Akwai dattijon da ke kawo gyaɗa daga Kornaka, kowa na masa dariya don yana ƙirga buhu sau uku. Ita kaɗai ke tsayawa su ƙirga tare.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya zana gini a ordinatar, wato kwamfuta. Ta zaɓi ta zana wa mahaifinta mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, a filin da ke bayan shagonshi, mai ƙofar shiga daban da ta fita. Ta kira ni ta ce in ɗauki igiyar awo in auno mata filin, don ita ba ta zana abin da ba a auna ba. Ina fada, majalisarmu ta samari, muna shan shayi lokacin. Ban tashi ba. Na ce mata tsawo mita ashirin, alhali na san bai kai ba. Nufina ta gama zane in ce injiniya ta yi gini a tsakar gidan Inna Hajo maƙwabciyarmu, mu yi dariya, ta gyara.

Sai ta riƙa turo mini hoton aikin mako bayan mako, ga wurin jera buhu, ga tagogin iska, ga inda kamiyo zai juya. Kullum aikin na ƙara girma, bakina na ƙara nauyi. Na ce sai ta zo Salla in faɗa mata ido da ido. Ba ta kai Salla ba.

Bayan addu'ar bakwai Hasiya ta kawo kayanta, har da babbar takardar zanen a naɗe. Kawu ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya danne gefunan da takalmanshi. Ba ya karatun boko, amma ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Ya ce zai gina mangazar yadda take a zanen, ba ƙari ba ragi, ya ware sashe guda manoman ƙauye su riƙa ajiye hatsi kyauta, ladan ya je mata. Ya aika a kira magini.

Na san idan na yi shiru, ko dai bango ya ci ƙasar Inna Hajo, ko magini ya ce yarinyar ba ta iya aikinta ba. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, a gaban kowa.

Kawu ya ɗago ya ce, "Ta sani?"

Na ce, "Ba ta sani ba, Kawu."

Ya ce, "To tashi ka ɗauko igiyar."

Muka auna, shi a wancan bakin, ni a wannan. Mita goma sha shida ne. Hasiya ta ce za ta rage zanen a ordinatar Balkisa, sai dai wurin juyawar kamiyo zai tafi, wanda shi Balkisa ta fi shan wahala a kai. Kawu ya naɗe takardar ya kai ɗaki. Ya ce ya yafe mini, amma in sani abin da za a gina ba shi ne hannun ɗiyarshi ya zana ba. An fara haƙa tushe. Ina cikin masu haƙar, kuma wadda ya kamata in roƙa gafara ba ta nan.

Ya Allah ka jiƙan Balkisa, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka rubuta mata ladan aikin yadda ta nufe shi, kada wautata ta rage mata komai. Ka ba Kawu Idi da mahaifiyarta da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ka saka wa Hasiya da alheri. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.